Kafin A Kai Injin Ban Ruwa Wurin 'Yan Gwangwan: Martani Ga Masu Cewa A Daina Gyara

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya kan noman rani a arewacin Kano, inda ya ɗora wani kaso na wahalar manomanmu a kan riƙon tsofaffin injinan ban ruwa. Hujjarsa a taƙaice ita ce manomi yana tsiyayar da kuɗinsa kaɗan-kaɗan a hannun bakanike, tsohon inji yana shan fetur fiye da kima, kuma yakan mutu daidai lokacin da shuka ta fi buƙatar ruwa. Saboda haka, a ganinsa, duk injin da ya kwana biyu a sayar wa 'yan gwangwan a sayi sabo, in da hali ma a koma mai aiki da hasken rana. Ban yi shakkar kyakkyawar niyyar malamin ba, kuma matsalolin da ya lissafa duk akwai su. Inda muka rabu da shi a wajen magani ne. Abin da ke raba gardama tsakanin gyara da sauyi shi ne wurin da ciwon yake a jikin injin, kuma ba a sanin wannan sai an bincika. Shawarar da ta tsallake bincike ta faɗa kan saye, ga manomin Bagwai ko Ɗambatta ko Minjibir, shawara ce mai tsada, wadda sau da yawa ba ta taɓa ainihin abin da ke damunsa.

Ya kamata mu fara da sanin wanda ake ba wa shawarar. Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wurare mafi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Tun a shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kanta, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ana raya ta da takin gida da na birni, gado kuma yana ƙara tsattsaga ta daga uba zuwa 'ya'ya. Mai noman rani a bakin madatsar Watari, ko Tomas, ko Gari, ko a fadamun kogin Jakara, galibi ɗan fili ne a hannunsa, wani lokaci ma na aro ko na haya. Kakansa da jigo ya yi ban ruwa. Ƙananan injinan fetur sun yaɗu ne daga shekarun 1980, zamanin da aka kafa hukumar KNARDA, sannan shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa a farkon shekarun 1990 ya ƙara yaɗa su tare da ƙananan rijiyoyin fadama. Irin wannan manomi kuɗin da zai shiga noman rani da su daga hatsin damina suke fitowa, ko daga ragon da aka kiwata. Aljihu ɗaya ne zai sayi iri, da taki, da maganin feshi, da fetur, ya biya masu dashe. Duk nairar da ta tafi wajen sabon inji, daga bakin taki aka cire ta. Mai sabon inji da yunwatacciyar albasa bai ci riba ba.

Kuskuren farko a maƙalar shi ne zaton cewa sabon injin da ke shago wata sabuwar fasaha ce da ta wuce wanda ke hannun manomi. Kamfanin Honda ya fito da jerin injinansa na GX tun 1983, kuma mafi yawan injinan ban ruwa masu tiyo inci 2 da inci 3 da ake sayarwa yau a Sabon Gari, 'yan China ne da aka kwaikwayi ƙirar GX160 da GX200 wajen yin su. Fistan ɗaya ne, bawul biyu, kafireto iri ɗaya, igiyar tayarwa iri ɗaya. Kwaikwayon ya yi kusa ƙwarai har kayan wannan sukan shiga jikin wancan. Ma'anar haka ita ce wanda ya yar da tsohon injinsa ya sayi sabo, abu ɗaya ya sake saya da sabon fenti. Wani lokaci ma ƙasa ya yi, domin tsohon ɗan Japan da ya shekara goma yana aiki ya riga ya tabbatar da ingancin ƙarfensa, shi kuwa sabo mai arha ba a san halinsa ba sai an shiga rani da shi. Wannan kamanni kuma shi ne ya sa gyara ya yi sauƙi. Kayan gyaran sun cika kasuwa daga Kano har kasuwannin Bichi da Ɗambatta, kuma duk yaron da ya koyi gyaran janareta ko injin markaɗe ya san cikin wannan inji.

Mu dubi abin da manomi ke nufi idan ya ce injinsa ya mutu. Ƙaramin injin fetur abu huɗu yake bukata kafin ya tashi: wuta, mai, iska, da matsi a cikin silinda. Bakanike na gari bi yake yi ɗaya bayan ɗaya, daga mai arha zuwa mai tsada. Zai kwance fulogi ya duba bakinsa. Idan ya yi baƙi da toka, ko ya jiƙe da mai, ya goge shi, ya jingina shi da jikin injin, ya ja igiya ya ga ko tartsatsi zai fito. Idan akwai wuta sai ya koma kan mai. A nan ne ciwon ya fi zama, domin injin ban ruwa yakan kwana a ɗaki duk damina da ragowar fetur a cikinsa. Fetur ɗin ya bushe ya bar danƙo, danƙon ya toshe 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireto, wadda ba ta fi bakin allura ba. Alamarsa sananniya ce: injin ya tashi da cok, da an buɗe cok ɗin ya mutu. Wanki kawai yake so. Sai iska. Ƙurar hunturu tana cika soson da ke tace ta, injin ya shaƙe, ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi. Akwai kuma wata 'yar na'ura a cikin da yawa daga injinan nan wadda ke kashe wuta idan baƙin mai ya yi ƙasa, ko an ajiye injin a karkace a gangaren rafi. Manomi ya yi ta jan igiya har kafaɗa ta gaji, alhali abin da ake nema bai wuce ƙarin baƙin mai da daidaita mazauni ba. Sai an wuce duk waɗannan ake maganar matsi. Idan igiya ta zo sako-sako ba ta turjiya, ko hayaƙi ya koma shuɗi, to ringi ya cinye ko bawul ba ya rufewa daidai. Su ma abubuwa ne da aka ƙera domin su cinye a sauya su. A cikin wannan jeri duka babu wanda ya kai a yi wa inji jana'iza.

Ɓangaren da marubucin bai taɓo ba ko kaɗan shi ne kan famfo, wato inda ruwa ke shiga ya fita. Da yawa daga injinan da ake cewa sun gaji, lafiyarsu lau, ruwa ne kawai ba sa kawowa, kuma dalilan haka daban suke. Idan ba a cika kan da ruwa kafin a tayar ba, ba zai ja ba. Idan akwai 'yar huda a tiyon da ke cikin rijiya, ko ɗaurin robar da aka yi a mahaɗa ya saki, iska ce za ta riƙa shiga maimakon ruwa. Idan aka bar shi yana gudu a bushe, sil ɗin da ke tsakanin famfo da inji zai ƙone, ruwa ya riƙa ɗiga ta ƙasa. Idan yashi ya daɗe yana wucewa, farfelar ciki za ta side ƙarfin turi ya ragu. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne zurfi. Nauyin iskar da ke danne saman ruwa shi ne ke tura ruwan cikin tiyo, kuma wannan nauyi ko a lissafin takarda iyakarsa kusan mita 10, a aikace kuwa mita 7 zuwa 8. Idan aka shiga Maris da Afrilu ruwan fadama ya ja ƙasa ya wuce wannan iyaka, ko yau aka fito da inji daga kwali ba zai kawo ɗigo ba. Shi ya sa tsofaffin masu lambu ke haƙa rami su saukar da injin kusa da ruwa. Manomin da ya bi shawarar malamin a wannan hali zai sayar da akuyarsa ya sayi sabon inji, ya ɗora shi a bakin rijiya guda, ya tarar da matsalar tana nan tana jiransa.

Batun shan fetur shi ne hujjarsa mafi nauyi, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli, ta wuce 1,000 a Oktoban 2024. Injin irin GX160 idan an buɗe masa wuta duka yana shan kusan lita ɗaya da rabi a awa. Ba mai musun cewa fetur ya zama babban abin da ke cinye ribar mai tumatir. Amma tambayar ita ce me ke sa tsohon inji ya sha fiye da sabo, tunda ƙirarsu ɗaya. Toshewar matatar iska ce, da kafireton da bai daidaita ba, da ringin da ya cinye, da farfelar da ta side har ake awa uku a aikin awa biyu, da tiyon da ke yoyo a hanya. Kowane ɗaya yana da magani, kuma injin da aka yi wa waɗannan yana komawa kusa da yadda yake shan mai yana sabo. Sabon da aka saya kuwa, idan aka riƙe shi yadda aka riƙe tsohon, ana zuba masa man bumburutu mai gauraye da baƙin man da aka juye daga mota, kafin rani biyu zai koma gidan jiya. Littafin injin ya ce a juye baƙin mai bayan awa 20 na farko, sannan duk awa 100, kuma abin da yake ci bai wuce lita ɗaya ba. Wannan ɗabi'a ce ke rage shan mai, kuma ba a sayenta a shago. Abin lura kuma, da tsadar ta tsananta, manoma da dama sun sa an sauya musu kafireto injinansu suka koma aiki da gas ɗin girki. Tsofaffin injinan ne suka karɓi wannan sauyi, bakanikan karkara ne kuma suka yi shi.

Tsadar da ta faɗa wa fetur ta faɗa wa injin kansa. Dalar da ake canzawa kusan naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, injinan nan kuma duk daga waje ake shigo da su. Wani zai ce ai kayan gyaran ma daga waje suke zuwa, su ma sun tashi. Haka ne, amma fulogi da gasket da sil da ringi ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin inji, sauran kuɗin gyara kuwa ladan hannu ne da ke tsayawa a cikin gari, a aljihun bakanike da yaran da yake koya wa sana'a. Akwai kuma bambancin da mai albashi ba ya saurin ganewa, tsakanin kuɗin da ake biya a dunƙule da wanda ake biya a rarrabe. Marubucin ya tara kuɗin gyaran shekaru ya ce da an haɗa su da sun sayi sabo. To amma ba a taɓa haɗa su a hannu ɗaya a rana ɗaya ba. An biya su ne daga cinikin kwandon tumatir yau, daga buhun albasa gobe. Kuɗin sabon inji kuwa a farkon rani ake nemansu, lokacin da ba a fara tsinkar komai ba, kuma hanyar samunsu ita ce sayar da hatsi da arha a kaka ko cin bashin dillali da alkawarin sayar masa da amfanin lambu a farashin da ya ga dama. Wannan ɓoyayyar tsada ba ta fito a lissafin malamin ba. Kuma sabon injin shi ma zai nemi fulogi da baƙin mai da wanki, don haka kuɗin gyara ba su ɓace ba.

Na yarda da shi cewa mutuwar inji a tsakiyar aiki babbar musiba ce. Tumatir da ke fure idan ya rasa ruwa a zafin bazara zubar da furen yake yi, alkama kuma idan ƙishi ya kama ta tana fitar da kai, ba a mayar da abin da aka rasa. Sai dai abin da wannan ke koyarwa shi ne a sauya lokacin gyara. Mafi yawan manoma ba sa tuna inji sai ranar da za a fara ban ruwa. Da za a fito da shi da zarar an kawar da amfanin damina, a wanke kafireto, a juye baƙin mai, a sa sabon fulogi, a gwada shi a bakin ruwa mako biyu kafin dashe, da yawancin mutuwar tsakiyar rani ba ta faru ba. Da za a tsiyaye fetur a ƙarshen rani kafin a ajiye shi, da an huta da danƙon kafireto baki ɗaya. Sannan cunkoson yankin nan, wanda ake kallo a matsayin matsala, a wannan fuska rahama ne. Lambu yana manne da lambu, maƙwabci yana ba da aro ko haya na yini ɗaya, bakanike kuma tafiyar babur ce kaɗan. Injin mai inci 2 nauyinsa kilo 20 da 'yan kai ne, ana ɗaure shi a bayan babur da safe a dawo da shi kafin la'asar.

Game da sola, ba na cikin masu adawa da ita, kuma ina ganin nan gaba za ta karɓi kaso mai yawa na ban ruwa a ƙasar Hausa. Amma a gaya wa manomi gaskiyarta duka. Kuɗin kafa ta ya ninka na injin fetur. Injin fetur mai inci 2 yana iya turo kusan lita 600 a minti, ya cika fangali bayan fangali cikin ɗan lokaci, ƙaramin famfon sola kuwa a hankali yake kawo ruwa, kuma sai rana ta ɗaga. Hazon hunturu da ƙurar da ke kwanciya a kan faifan suna rage ƙarfinsa daidai lokacin da ake renon shuka. Wanda ya ari fili na rani ɗaya ba zai kafa kaya a ƙasar da ba tasa ba, wanda lambunsa ke nesa da gida kuma dole ya yi tunanin ɓarayi. Idan akwatin da ke sarrafa wutar ya ƙone, masu gyaransa ba su kai yawan masu gyaran kafireto ba a ƙauyukanmu. Sola ta dace da mai filin kansa, ko ƙungiyar manoma da suka haɗa kuɗi. Ko su ma hikima ita ce su bar tsohon injin a gyare a gefe saboda ranar hazo.

Duk da haka akwai ranar da ya kamata a haƙura da inji, kuma manomin da ya ƙi yarda da wannan shi ma yana cutar kansa. Idan bulok ya tsage, ko kwanrod ya karye ya fasa jiki, ko karanshaf ya lanƙwashe, ko silinda ta cinye har sabon ringi ba ya hana hayaƙi, to ciwon ya kai ƙashi. A ganina idan kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin sabon da ya kai shi inganci, ko kuma ciwo ɗaya ya dawo sau biyu a rani ɗaya bayan gyara na ƙwarai, lokacin sauyi ya yi. Ko a nan ba dole ba ne a sauya komai. Inji da kan famfo abu biyu ne da aka ɗaure da kusoshi, ana iya sauya ɗaya a bar ɗaya, ragowar kuma bakanike zai saye shi da daraja fiye da mai awon ƙarfe. Haka nan dole a faɗa wa bakanikai tasu gaskiyar, domin su ne suka ba wa hujjar malamin ƙarfi. Wanda ke sauya kaya da canki-canka ba tare da bincike ba, da wanda ke sa jabun kaya ya karɓi kuɗin na asali, da wanda ke yanke wayar na'urar baƙin mai don injin ya tashi yanzu ya buga gobe, duk amanar manomi suke ci. Gyaran da nake karewa shi ne wanda aka yi da sani da tsoron Allah.

Ko a ƙasashen da ake kwaikwayo, iskar ta juya. Tun watan Janairun 2021 Faransa ta wajabta a liƙa wa wasu kayayyaki maki daga cikin 10 da ke nuna sauƙin gyaransu, kuma injin yankan ciyawa na lantarki yana cikin rukunin farko. A 2023 jihar Colorado ta Amurka ta yi dokar da ta ba manoma haƙƙin samun kayan aiki da bayanan da za su gyara injinan gonarsu da kansu, bayan doguwar taƙaddama da manyan kamfanoni. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da nata tsarin na haƙƙin gyara. Manoman can majalisa suka je kafin su samu abin da manomin Kunci yake da shi a bakin kasuwarsu: inji mai sauƙin kwancewa, kaya a kusa, da mutumin da ya iya.

Saboda haka ina roƙon malamin, tunda alƙalaminsa yana da masu saurare, ya karkata shi inda zai yi amfani. A nemi malaman gona su riƙa koyar da kula da inji kamar yadda suke koyar da tazarar shuka, a kuma yi ta a rediyo kafin kowane rani. Duk shirin gwamnati ko na masu ba da tallafi da zai raba injina, na fetur ko na sola, ya haɗa da horar da bakanikan yankin da samar da kayan gyara na asali. Ƙungiyoyin masu noman rani su ajiye inji ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana domin wanda nasa ya tsaya. Manomi kuma, kafin ya ɗaga akuyarsa zuwa kasuwa, ya nemi a nuna masa da ido abin da ya lalace, a gaya masa kuɗinsa, sannan ya yanke hukunci. Idan bincike ya ce a sauya, a sauya ba tare da jinkiri ba. Amma binciken ne zai faɗa, ba shekarun injin ba.